Kafin Ki Saki Babi Na Tara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Rahama,

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya kai ki Jalingo lafiya, ya sa ki fara bautar ƙasar nan a sa'a ki gama a sa'a, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya tsare ki daga sharrin hanya da na waɗanda ke kanta. Amin.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a kan akwatinki, alhali tsakanin ɗakina da naki taku biyar ne. Dalili shi ne shekaranjiya da na buɗe baki zan yi miki magana, ban kai ko'ina ba kika tare ni da "Haba Mama, ai fikshin ne, ƙagaggen labari, duk marubuta haka suke yi," kika ci gaba da latsa waya. Na haɗiye sauran maganar, don na ji idan na ci gaba abin da zai fito daga bakina ba nasiha ba ce. Takarda kuwa ba ki da yadda za ki katse ta. Ki karanta ta yau, kafin gari ya waye ki kama hanya.

Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye miki ba. Na karanta babi takwas ɗin da kika saki a guruf ɗinku na masu karatu. Hannunki yana da kyau, wannan ban hana ki ba, na kuma fi ki sanin inda kika gado shi. Amma Oga Falalu na cikin labarinki Kawunki Sani ne, ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya. Biro uku a aljihun gaba, nasa ne. Jakar fata mai lalataccen zif da ake ɗaurewa da roba, tasa ce. Gyaran murya sau biyu kafin sallama, duk Bagama wa bai san mai shi ba? Kin ɗauki mutum ɗungurungum, kin cire masa suna kin maƙala masa wani, kin tsayar da shi a gaban matan gari suna ta dariya. Sannan a ƙarshen babi na takwas kika yi musu alkawarin ranar Juma'a za su ji inda Oga Falalu yake zuwa kullum da safe.

Ni da ke mun san inda yake zuwa. Wata biyar ke nan da aka sallame shi daga aiki. Kullum yana goge takalmi, ya sa rigar da matarsa Zulai ta goge masa, ya bi layin masu shiga motar Abuja kamar kowa, ya yini yana zagaya ofisoshi da takardunsa, in rana ta yi zafi ya fake a harabar masallaci. Bai gaya wa Zulai ba saboda tsohon cikin da take ɗauke da shi da hawan jinin da likita ya ja masa kunne a kai. Ya ce sai ta sauka lafiya. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, wannan tsakanina da shi ne, na kuma faɗa masa ra'ayina ba sau ɗaya ba. Ke kuwa kin sani ne kawai don kin ci karo da shi ranar da kika je Abuja karɓo takardarki, ya ce miki, "Rahama, ki rufa mini asiri." Kika ce to. Ita kuma Zulai tana cikin guruf ɗin nan naki. Da idona na ga abin da ta rubuta a ƙarƙashin babi na shida: "Wallahi wannan Ogan sak maigidana." Har da 'yan fuskokin dariya uku.

Wai duk marubuta haka suke yi. Ni kike gaya wa? Tun kina ƙarama kike tambayata me ya sa na daina rubutu bayan littafi uku, me ya sa kwalin da ke ƙarƙashin gadona ba a buɗe shi. Kullum sai in ce miki hidimar gida ce ta yi yawa. Ƙarya nake yi. Yau ga gaskiyar.

Lokacin da muka taso daga Funtuwa, babanki ya samu aiki a Abuja muka kama haya a nan unguwar Bagama ta Suleja, ban san kowa ba a garin nan. Wadda ta fara leƙo ni ita ce Yaya Talatu, mai ɗakin bakin ƙofa. Waina take soyawa a tasha, masu sammakon Abuja su saya su ci a mota. Mutuniyar Gawu ce, mijinta ya rasu, tana zaune da 'yarta guda mai suna Ladidi. Tana da tabon ƙuna a bayan hannun dama, kuma ba ta taɓa yin dariya sai ta fara cewa "Allah na tuba." Da na haife ki uwata ba ta raye, dangin babanki suna nesa, ita ta yi mini wankan jego kwana arba'in cur. Ta dafa ruwa kafin ta tafi tasha, ta dawo da yamma ta sake hura wuta. Ita ta gasa miki cibi, ita ta dama mini kunun kanwa, ba ta taɓa karɓar ko sabulu a hannuna ba.

Wata safiya tana tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi tana fyaɗa mini a baya, ina ihu ina cewa ta tausaya mini, sai na ji ta tsaya. Ta ce, "Binta, ki gode wa Allah. Ni ban taɓa jin zafin ruwan nan a jikina ba."

Na juyo na ce, "Ladidi fa, Yaya?"

Ta ce ƙanwarta ce ta haife ta, ta rasu kwana uku da haihuwa, uban bai ƙara waiwayowa ba. Ita kuma shekara tara da aure ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ta gaji da sunan da ake kiranta da shi a bayan ido. Sai ta rungumi jaririyar, ita da mijinta suka taho Suleja, garin da kowa baƙo ne, ba mai tambayar wa ya haifi wa. Ta ce, "Ladidi ba ta sani ba. Zan gaya mata da bakina ranar da zan kai ta ɗakin miji. Ke kaɗai na faɗa wa, don na gaji da riƙe shi ni ɗaya." Ta ci gaba da fyaɗa mini ruwa.

Kina shekara uku na zauna rubuta littafina na uku. Biyun farko sun shiga kasuwa, amma wata ƙawata ta ce mini mutanen cikinsu ba su da rai, kowa kyakkyawa, kowa mai mota. Maganar ta tsaya mini a rai. Ina zaune da biro ina neman mutum mai rai, sai ƙamshin waina ya taso daga ɗakin bakin ƙofa. A nan na yi wautata ta farko. Na sa mata suna Iya Marka, na ce shi ke nan na ɓoye ta. Na bar mata tashar, na bar mata tandar waina, na bar tabon hannu, na bar "Allah na tuba." Ina jin daɗi har ina yaba wa kaina, wai ga shi na iya ƙirƙirar mutum. Ba abin da na ƙirƙira, kwafa na yi.

Ki ji da kyau, Rahama. Suna shi ne abu mafi ƙanƙanta a jikin mutum. Rabin mutanen unguwar nan ba su san sunan yankan Kawunki ba, amma ko daga bayan katanga ya yi gyaran murya, yara za su ce ga Kawu Sani nan. Da tafiya ake gane mutum, da abin da yake yawan faɗa, da yadda yake riƙe kayansa. Idan kin bar waɗannan kin canza suna, kin yi wa mutum lulluɓi da gyale shara-shara ne, ke kaɗai kike zaton ba a ganinsa.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Mace mai waina ba abin kunya ba ce, wataƙila ma da ta yi dariya. Amma labarin yana bukatar ciki, ni kuma ina da wani ajiye a wurina. Na tuna safiyar nan ta wanka. Wallahi na san amana ce, zuciyata ta faɗa mini tun kafin biro ya taɓa takarda. Sai na shiga yi wa kaina fatawa: ai ba ita kaɗai ce ta taɓa riƙon 'yar ƙanwa ba, ai darasi ne ga al'umma, ai ba ta karatun boko. Duk wanda zai ci amana sai ya fara zama malamin kansa. Na rubuta.

Abin da mutum ya faɗa miki yana cikin rauni ba naki ba ne, ko da ke kaɗai kika ji. Ajiya ce. Jin labari bai sa ya zama mallakarki ba, kamar yadda zanen da maƙwabciya ta ba ki ki ajiye mata bai zama na ɗaurawarki ba. Kawunki bai ba ki labari ba, roƙonki ya yi. Mutum mai shekara arba'in da bakwai ya tsaya a bakin titi yana roƙon yarinyar da ya goya. Ke kuma kika dawo gida kika ga babi.

Saura mafi muni, kuma shi ne ya fi ba ni haushi a naki, don har a nan sai da kika bi sawuna. Da na kai wa mai buga mini littafi, ya karanta ya ce labarin ya yi sanyi, in ƙara masa yaji. Ba zan ɗora masa laifi ba, shi shawara ya bayar, hannuna ne ya rubuta. Na koma na mai da ƙanwar mai rai. Na sa Iya Marka ta sace jaririyar tana barci, ta gudu da ita wani gari, ta bar uwar tana haukan neman 'yarta. Na ce ai yanzu ma ya ƙara nisa da Yaya Talatu, tunda ita ba haka ta yi ba. Dubi rashin hankali. Na jera gaskiya tara, na ɗora ƙarya ɗaya a kai, ina tsammanin mai karatu zai zauna ya tsince.

Ke ma a babi na bakwai kin ƙaga wa Oga Falalu wata bazawara a Madalla. Kawunki da ko gaisuwar mata sai ya sunkuyar da kai! Na san don a yi dariya kika sa, na san ba ki nufi komai ba. To zauna ki yi tunani. Ranar Juma'a Zulai ta karanta cewa Oga ba shi da aiki. Ta ɗaga kai ta dubi mijinta, ta yi masa tambaya ɗaya, shi kuma ba ya iya ƙarya ido da ido, ta tabbatar gaskiya ne. Biro gaskiya, jaka gaskiya, sallama daga aiki gaskiya. Wa zai zo ya rantse mata cewa bazawarar ce kaɗai ƙarya? Ke, daga Jalingo, ta waya? Mace mai cikin wata takwas da hawan jini. Kada ki taɓa jingina ƙarya a jikin mutumin da ake iya ganewa, domin gaskiyar da ke kewaye da ita ce za ta tsaya mata shaida.

Littafin ya fito, ya kuma karɓu fiye da biyun farko. Masu ba da hayar littattafai suna ta aikowa a ƙaro. Kaina ya kumbura har ba na ganin gabana. Ladidi, lokacin tana da shekara goma sha bakwai, ta shigo da murnarta ta ce, "Anti, an ce sabon ya fito, ni fa ban samu nawa ba." Ni da hannuna na ɗauko na ba ta. Har na rubuta mata sunanta a shafin farko.

Ba a yi mako biyu ba direbobin tasha suka fara, "Iya Marka, zubo mana waina." Da farko tana dariya don ba ta san ko wace ce ba. Sai matan unguwa suka fara janye jariransu idan ta miƙa hannu, ita da ba a suna a layinmu sai da ita. Sai ranar da Ladidi ta tsaya a tsakar gida, muna ji, ta ce, "Inna, a ina kika sato ni? Uwata tana raye?" Ina ɗaki ina ba ki abinci. Ban fito ba.

Washegari da hantsi Yaya Talatu ta yi sallama a ƙofata, littafin a hannunta. Ta sa an karanta mata shi daga farko har ƙarshe. Ba ta ɗaga murya ba. Ni ce ma na ɗaga. Na fizge littafin na buɗe shafin farko, na karanta mata inda aka rubuta cewa duk sunaye da abubuwan da ke ciki ƙirƙira ne, in an ga kama da wani to dace ne. Na karanta da ƙarfi, kamar wadda ke gaban alƙali. Ta bari na gama. Sai ta miƙo bayan hannunta na dama, ta ce, "Wannan ma ƙirƙira ce, Binta?"

Kin san abin da na ce mata? Na ce, "Yaya, matsalar ba ki san yadda rubutu yake ba ne." Ga matar da ta wanke mini jini. Shekara ashirin ke nan, kuma duk sanda na tuna jimlar nan sai in ji kamar in nutse a ƙasa. Shi ya sa da kika ce mini "ai fikshin ne" na ji kamar an mare ni. Muryata na ji a bakinki. Wannan 'yar jimla da muke fakewa a bayanta ba ta taɓa mayar wa kowa da mutuncinsa ba. Idan wanda kika rubuta ya zo ya ce kin cuce shi, ki rufe baki ki saurara, shi ya san inda ya ji zafi.

Kafin wata ya ƙare ta kwashe kayanta ta koma Gawu, garin da ta gudo daga cikinsa, don a can ne kaɗai ake da shaidun da za su gaya wa Ladidi cewa ba sato ta aka yi ba. Ni kuma na zauna ina jiran fushina ya huce, wai ni ce ma mai fushi. Ban daina rubutu don tuba ba, kada in yi wa kaina kwalliya. Na sha zama da biro, amma duk mutumin da na fara zanawa sai in ga tabon nan a hannunsa. Sauran kwafin na tattara na zuba a kwali.

Sai da na shekara goma sha ɗaya sannan na shiga motar Gawu. Goma sha ɗaya, tafiyar da ba ta kai a yi guzuri ba. Na same ta a inuwa tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa, ido ya yi rauni. Na durƙusa na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun ranar farko. Ta ce, "Tashi, Binta. Na yafe miki tuntuni, ba na son in je gaban Allah da kayan wani a kaina." Ta tambaye ni ke, ta ce ko cibinki ya yi kyau. Ta ce dangi sun zaunar da Ladidi sun yi mata bayani, ta yi aure, tana zuwa, ba abin da ba ta yi mata. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ta ajiye gyaɗar ta ce, "Abu ɗaya ne ya ƙi wuce mini. Maganar nan tawa ce. Shekara goma sha bakwai ina shirya yadda zan faɗa mata, har na zaɓi kalmomin. Kika riga ni."

Ban ji ta ce "Allah na tuba" ba a ranar, don ba ta yi dariya ba har na taho. Ta rasu shekara biyu bayan nan.

Ban ce ki daina rubutu ba, kuma kada ki kuskura ki ce Mama ce ta hana ki. Ba kuma na ce ki rufe ido daga mutane ba, marubucin da ba ya kallon mutane sai ya yi ta haifar kyawawa masu mota irin nawa na farko. Ki kalla, ki ɗauka, amma ki ɗauka kamar mai haɗa miya, kaɗan nan kaɗan can, har ya zama ba mai cewa ga nawa. Biro ukun nan in sun burge ki, ki ba wata shugabar makaranta a wani gari. Tafiya daga wannan, harshe daga wancan. Abin kunyar kuwa, wanda shi ne yake ba labari rai, ki zaro shi daga aljihunki, kina da shi kamar kowa. Na lura duk babi takwas ɗin nan babu inda kika taɓa kanki. Kuma kafin ki saki kowane abu, ki ɗauka mutumin yana zaune a gabanki kina karanta masa da baki. Inda muryarki ta sarƙe, nan ne wurin gogewa. Layin nan na masu sammakon Abuja ya cancanci littafi, ba na musu. Idan Allah ya warware wa Kawunki, ki je ki roƙe shi, ƙila ya ba ki abin da ya fi wanda kika ɗauka ba izini.

Yanzu dai abin da nake so a fili yake. Kada ki saki babi na tara. Ki sauke takwas ɗin da ke can, tun Zulai tana kan dariya. Masu karatunki za su yi ƙorafi, za su ce kin yi musu rowa, kwana biyu su koma wani guruf. Kawunki ba shi da wani gidan da zai koma. Yana nan yana shirya yadda zai gaya wa matarsa, na san har ya fara zaɓen kalmomi, don ya gwada wasu a kaina. Maganarsa ce. Kada ki riga shi.

Ɗazu da hantsi, kina wurin kitso, ya biyo shi da Zulai za su asibiti awo. Ya kawo miki abin cajin waya na tafi-da-gidanka, yana cikin aljihun akwatinki na gefe. Ban tambaye shi yadda ya yi ya samo ba. Ya ce an ce masa wuta ba ta zama a inda za ki, "kada rubutun ɗiyata ya tsaya." Bai san me kike rubutawa ba, shi dai ya ji ana cewa kin iya. Ya kuma ce gobe shi zai ɗaukar miki akwati har inda ake shiga motar Jalingo. Zulai ta ce kada ya makara, ya ce ba komai, ai hanyar ofis ce. Ya faɗa yana kallon ƙasa.

Saboda haka gobe za ku zauna kujera ɗaya daga Suleja har Abuja. Ki ajiye waya ki dube shi. Ki dubi biro ukun nan da kika ba matan gari suka yi dariya, da ɗaya daga cikinsu ya cike miki takardar shiga jami'a. Idan kin sauka ya miƙa miki akwati, ya juya ya tafi inda ni da ke muka sani, kika ji har yanzu yatsanki zai iya danna babi na tara, to ba ni da sauran magana.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare gabanki da bayanki, ya tsare mutane daga alƙalaminki kamar yadda nake roƙon ya tsare ki daga bakinsu. Allah ya sauki Zulai lafiya, ya buɗa wa Kawunki, ya jiƙan Yaya Talatu. Ki kira ni da zarar kin isa. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Binta